Ni da maigidana duka AS ne, likita ya ce a gwada abin da ke cikina

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na mutane, yau kuma nawa na kawo, don abin ya tsaya min a rai. Ni da maigidana duka AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba mu da ciwon. Ɗan baffana ne, auren gida aka yi mana a 2014, kuma a lokacin ko mutum ɗaya bai ta da maganar gwajin jini ba. Yaranmu biyu. Babbar AA ce, lafiyarta lau. Ƙaramin SS ne, wato mai sikila, shekararsa shida, an yi masa ƙarin jini sau huɗu. Idan hunturu ya shigo ba na barci, zama nake ina gasa masa ƙafafu da tawul mai ɗumi, shi kuma yana cewa "Mama ƙashina, Mama ƙashina." Yanzu ina da ciki sati tara. Da na je awo, likita ya ce akwai gwajin da ake yi tun ɗan yana ciki a gane ko AA ne, AS ko SS, amma sai mun yi tafiya, kuɗin kuma ya fi albashin maigidana na wata uku. Maigidan ya ce a yi, in SS ne a cire tun bai zama mutum ba, ba zai iya kallon wani yaron yana wannan azabar ba. Surukata ta ce wannan leƙen gaibu ne, kada in kuskura. Ni kuma tun ranar ban iya cin abincin kirki ba. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa min gaskiya.

Hajiyar Fagge:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya raba lafiya, Ya ba yaron nan sauƙi. Ni dai ban ga abin da za ki je nema ba. Abin da Allah Ya rufe a ciki a bar shi a rufe har ranar da zai fito.

Likitan Mata:
Maman Biyu, sannu da ɗawainiya. Bari in fara da bayanin gwajin, don kada a yi ta muhawara a kan abin da ba a fahimta ba.

Idan uba da uwa duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zama SS, kashi 50 na zama AS, kashi 25 na zama AA. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar SS ɗaya ba ta nufin ukun da za su biyo baya sun tsira, kuma ba ta nufin su ma za su kamu. Na ga gida mai yara biyar babu SS ko ɗaya, na ga mai uku duka SS.

Gwajin da aka faɗa miki shi ne CVS. Tsakanin sati 11 zuwa 14 ake yin sa, ana kallon na'urar hoton ciki a zura siririyar allura a tsakuro ɗan abu daga mabiyiya, domin ƙwayoyin gadonta iri ɗaya ne da na ɗan tayi. In lokacin ya wuce, daga sati 15 sai a zuƙo ruwan faya da allura. Duka biyun suna ba da amsa tabbatacciya kan sikila, kuma duka biyun suna da ɗan haɗarin ɓari, wanda ake ƙiyasta shi da kamar ɗaya cikin 200 ko ƙasa da haka a hannun ƙwararre. Ƙaramin adadi ne, amma wadda ya faɗa wa ba ta ganin ƙanƙantarsa, musamman in daga baya sakamako ya fito cewa ɗan lafiyayye ne.

Akwai kuma wanda ake kira NIPT, wanda jinin uwa kawai ake ɗiba a hannu tun daga sati 10. A 1997 wani masani ɗan Hon Kon, Dennis Lo, ya gano cewa ɓurɓushin DNA, wato ƙwayoyin gadon ɗan tayi, yana yawo a jinin uwa, a 2011 kuma aka fara sayar da gwajin. Shi babu haɗarin ɓari, amma aikinsa nuna alama ne, galibi kan larurar Daun, mai kawo jinkirin girma da koyo, da makamantanta. Ba ya yanke hukunci.

Abin da nake tambayar duk wadda ta zauna gabana kafin in rubuta mata takarda shi ne: in amsa ta fito, me za ki yi da ita? Ki amsa wa kanki wannan tun allura ba ta taɓa ki ba.

Maman Biyu:
Likita wallahi tambayar da ta hana ni barci ke nan. Ban san amsarta ba.

Mai Sikila Ce Ni:
Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ƙara miki nauyi ba ne. Ni SS ce, shekarata 31, ina koyarwa a makarantar sakandare, ina da aure da 'ya ɗaya. An sauya min ƙashin ƙugu guda, na kwana a asibiti fiye da yadda zan iya ƙirgawa, akwai daren da na roƙi Allah Ya ɗauki raina don zafi. Duk da haka, da na karanta inda maigidanki ya ce "a cire," sai da gabana ya faɗi. Da a ce gwajin nan ya iso garinmu a shekarar da aka haife ni, wataƙila da ba ni ce ke rubuta miki wannan ba. Ban taɓa wayar gari na ce da ma ba a haife ni ba, sai dai in ce da ma akwai jini a asibiti, da ma ma'aikaciyar jinya ba ta ce min 'yar ƙwaya ba don na nemi allurar kashe zafi. Yawancin wahalarmu daga nan take zuwa.

Baban Marigayiya:
Ƙanwata mai sikila, Allah Ya ƙara miki lafiya, kuma na ji daɗin ganin kin kai inda kika kai. Amma ki bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren. 'Yata ta rasu tana da shekara tara. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta tana da bakwai, daga nan ba ta ƙara magana daidai ba. Shekara biyu ina ɗaukarta a kafaɗa zuwa banɗaki. Na sayar da gonar gado da babur. Ban yi nadamar ko kwabo ba. Amma idan wani uba ya ce ba zai iya sake gani ba, ni ba zan kira shi mara imani ba, don na san abin da idonsa ya gani. Masu kai wa shekara talatin su muke ji suna magana. Waɗanda suka tafi kafin shekara biyar ba su da baki a zauren nan, kuma a ƙauyukanmu su ne da yawa.

Mai Sikila Ce Ni:
Baba, Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce. Ban musa maka ko kalma ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne gwajin zai ce SS ne kawai, ba zai faɗa ko irin nawa ne ko irin nata ba.

Likitan Mata:
Wannan gaskiya ne. Gwajin ba ya nuna tsananin ciwon. 'Yan uwa biyu ciki ɗaya, duka SS, wani ya yi ta kwanciya, wani sai shekara-shekara.

Almajirin Zaure:
Bismillah. Hajiya, da girmamawa, maganar leƙen gaibu ba ta zauna ba. Abin da likita ya gani da na'ura ya fita daga gaibu, kamar yadda ake ganin namiji ne ko mace a hoton ciki, malamai kuma ba su hana ba. Neman sanin cuta ba laifi ba ne. Inda maganar take shi ne abin da za a yi bayan an sani.

Hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna kwana arba'in sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, wato kwana 120. Bayan wannan malamai sun haɗu a kan haramcin zubarwa, sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Kafin nan ne aka yi saɓani. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani: abin dogaro a cikinta, kamar yadda Shehu Dardir ya faɗa, shi ne ba ya halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba. Lakhami ne ya yi sauƙi kafin arba'in. Wasu daga Hanafiyya sun yi rangwame kafin busa rai idan akwai uzuri.

A 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka ta ce idan cikin bai kai kwana 120 ba, kuma kwamitin amintattun ƙwararrun likitoci ya tabbatar cewa ɗan tayin yana da mummunar nakasa wadda ba ta da magani, wadda in an haife shi rayuwarsa za ta zama azaba gare shi da iyalinsa, to ya halatta a zubar bisa buƙatar iyayen. Ku lura da sharuɗɗan: kwamiti, ba likita ɗaya ba, tabbaci, ba zato ba, iyaye biyu, ba uba kaɗai ba. Shin sikila ta shiga wannan? Ni a fahimtata da wuya, tunda ga 'yar uwarmu nan tana koyarwa tana da iyali, kuma akwai magungunan da ke sassauta ciwon. Amma ni ɗalibi ne. Ku je ku biyu wurin malamin da ya san fiƙihu kuma yake sauraron likitoci.

Likitan Mata:
Malam, ƙarin bayani kan lissafi. Mu likitoci daga ranar farkon al'adar ƙarshe muke ƙirga sati, wanda ya riga shigar cikin da kamar sati biyu. Saboda haka kwana 120 na malamai ya kama wajen sati 19 a katin awo. Kwana arba'in kuwa yana wucewa tun kafin a iya yin kowane irin gwaji.

Lauya Daga Zariya:
Kada a manta da doka. Sashe na 232 na kundin hukunta laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin kuma yana iya kai wa ɗaurin shekara 14. Nakasar ɗan tayi ba ta cikin uzurin da ya ambata. To ka ga inda muke: ana tallar gwajin a fili, amma abin da mutane da yawa ke yin gwajin dominsa sai a ɓoye. Mai kuɗi zai samu ɗaki mai tsabta da ƙwararren likita. Matar talaka kuma a bayan kemis za ta ƙare, wasu su dawo da zubar jini, wasu ba sa dawowa. Wannan ma yana cikin abin da ya kamata maigidanki ya ji, Maman Biyu, domin jikinki ne za a taɓa, ba nasa ba.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar emasi muke ce wa ciwon, kuma akwai cibiya ta musamman dominsa a Yamai. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta ba da dama idan an tabbatar ɗan da za a haifa yana da larura mai tsanani ƙwarai. Amma wa ke da kuɗin gwajin? Mace a ƙauyen Tanut ko awo sau huɗu ba ta samu. Dama tana takarda, ba ta iso ƙasa ba.

Ungozoma:
Ni abin da nake so in ja hankali a kai shi ne gwajin jinin nan na NIPT da ya fara shigowa asibitocin kuɗi. Wata ta zo min da takarda a hannu tana kuka, an rubuta mata da Turanci cewa akwai babban haɗarin wata larura, wanda ya ba ta takardar ko zama bai ce ta yi ba. Ita ta ɗauka an gama magana. Mijin har ya fara neman inda za a cire. Da ƙyar na shawo kansu suka je aka ɗebi ruwan faya, sakamako ya fito babu komai. Yarinyar yanzu tana tafiya, ranar sallah har gida aka kawo min ita da lalle a hannu.

A kan larurar Daun gwajin yana da ƙarfi sosai, amma a kan cututtukan da ba kasafai ake samu ba yana yawan yin ƙararrawar ƙarya. A 2022 jaridar New York Times ta bincika ta gano cewa a irin waɗannan, kusan kashi 85 cikin ɗari na sakamakon da ya ce akwai matsala kuskure ne, a shekarar kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Can ke nan, inda akwai masu aikin zama da iyaye su warware musu sakamako. Mu nan sai a miƙa wa mace ambulan a ce ta tafi. A ganina duk asibitin da ba shi da mai yin bayani da harshen da matar ke ji, kafin gwaji da bayansa, bai kamata ya karɓi kuɗin kowa ba.

Yayan Mai Daun:
Na gode Anti Ungozoma. Ƙanena yana da larurar Daun, abin da a unguwa ake haɗawa da sauran a ce galahanga. Shekararsa 24. Shi ke share masallacin layinmu, kuma duk wanda ya yi kwana biyu bai zo jam'i ba shi ne zai fara zuwa ƙofar gidansa tambaya. A ƙasar Aislan kusan duk matar da gwaji ya tabbatar mata da wannan larura zubarwa take yi, har ya zama yara ƙalilan ake haifa da ita a shekara. A Ingila doka ta tsayar da zubar da ciki a sati 24, amma idan akwai nakasa mai tsanani an yarda har zuwa haihuwa. Wata mai larurar, Heidi Crowter, ta kai gwamnati kotu tana cewa dokar na nuna ranta bai kai na sauran ba. Ta faɗi a 2021, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa a 2022. Ba wanda ya tilasta wa matan Aislan, kowace ita ta zaɓa. Amma idan kowa ya zaɓi abu ɗaya, wadda ta ƙi sai ta zama abin tambaya: kin sani, me ya sa kika haifa? Tsorona ke nan. Ranar da gwajin zai yi araha a nan, uwar da ta haifi irin ƙanena za a daina yi mata sannu, a koma ɗora mata laifi.

Malama 'Yar Jos:
Ni Kirista ce, a wurinmu rai tun daga shigar ciki yake, don haka ba na goyon bayan cirewa. Amma ina so in ƙara abu ɗaya: gwajin jinin nan yana nuna namiji ne ko mace tun sati goma. Indiya sai da ta kafa doka a 1994 ta hana likita faɗa wa iyaye jinsin ɗan tayi, saboda yadda ake zubar da 'ya'ya mata. Kada mu ce ba zai zo mana ba. Mun san gidajen da ake yi wa mace gori don ta jera mata huɗu.

Hajiyar Fagge:
Wannan kam gaskiya ne. Ni aka yi wa kishiya a kan haka.

Likitan Mata:
Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Gwajin ƙwayoyin gado yakan tono abin da ba shi aka je nema ba. Wani lokaci jinin uwa ya nuna alamar ciwon daji a jikinta ita kanta. Wani lokaci sakamakon ɗan ya ƙi dacewa da jinin wanda ake ce wa uban. A garin da magana ɗaya ke kashe aure, wa za a faɗa wa? Sannan ga kuskuren ɗakunan gwaji: na sha ganin wanda aka rubuta wa AA a wani wuri, aka sake aka ga AS ne. Mata nawa aka zarga a banza saboda takardar naira dubu biyu?

Almajirin Zaure:
Shari'a ta rufe wannan ƙofar, Likita. Ɗa na mai shimfiɗa ne. Ba a kore nasaba da takardar asibiti, kuma likita amintacce ne a kan sirrin da ya gani.

Injiniya A Turai:
Ni ina ganin muna kallon ƙasa ne alhali duniya ta yi gaba. Ana iya haɗa ƙwai a waje ta IVF, a gwada kowanne, a dasa wanda ba SS ba. Babu zubar da ciki a nan, malamai da yawa sun yarda in tsakanin miji da mata ne, kuma ana yi a Legas da Abuja. Sannan a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin Casgevy mai gyara ƙwayoyin gadon mai sikila.

Mai Sikila Ce Ni:
Yaya Injiniya, kuɗin Casgevy dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, mun fi kowace ƙasa. Ni abin da ya canja min rayuwa haidiroksiyuriya ne, ƙwaya ɗaya da nake sha kullum, ita ma wani watan sai na ci bashi. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an yi bincike da ya nuna cewa idan aka duba jijiyoyin kan yara da na'ura aka gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ɗora su a kan maganin nan, haɗarin yana raguwa sosai. Da 'yar Baba ta samu wannan, wa ya sani. Anti, an taɓa yi wa yaronki wannan awon na kai?

Maman Biyu:
Wallahi ban taɓa jin sa ba sai yau. Folik asid da maganin zazzaɓin cizon sauro kawai muke ba shi.

Baban Marigayiya:
Ki kai shi gobe-gobe, 'yata. Kada ki jira. Ni ban sani ba sai da aka makara.

Lauya Daga Zariya:
Shi ya sa dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024, ta tilasta gwaji kafin aure har da na jinotaif, wato AA, AS ko SS, take da muhimmanci. Saudiyya ta fara nata tun 2004. Rabuwa kafin a kai lefe da zafi, amma bai kai wannan ba.

Ungozoma:
Haka ne Barista, amma su Maman Biyu sun riga sun yi shekara goma da aure, wannan ba zai amfane ta ba yanzu. Ƙanwata, ga abin da zan ce miki. Ba dole ne gwaji ya zama don cirewa ba. Akwai matan da suke yi don su shirya: a haihu a asibitin da ke da jini, a fara ba jariri fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a cika masa rigakafi. Sai dai in don wannan ne kawai, ana iya gwada jaririn bayan haihuwa ba tare da an sa allura a ciki ba, kuɗin tafiyar kuma ya tafi wurin maganin yayansa. In kuwa kin san zuciyarki ba za ta ɗauki wata bakwai na zullumi ba, wannan ma dalili ne, kuma uku cikin huɗu labari mai daɗi za ki ji. Abin da ba zan so ba shi ne ki hau gadon gwajin alhali maigida ya riga ya yanke abin da za a yi in SS ne, ke kuma ba ki yarda ba. Ranar da sakamako ya fito ba ranar fara wannan maganar ba ce.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare bayan yara sun yi barci na miƙa wa maigidan wayar, ya karanta tun daga sama. Da ya zo kan maganar Baba sai ya ajiye ya fita tsakar gida, ya daɗe bai shigo ba. Da ya dawo ya ce shi ba ɗan yake ƙi ba, kukan yaron ne ba ya iya ji. Na ce masa ni ma haka, amma ba na jin zan iya cirewa ko me gwajin ya nuna. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mun dai tsayar da cewa ranar Asabar za mu je wurin limamin da ya ɗaura mana aure, Litinin kuma mu koma wurin likita tare, don da ni kaɗai nake zuwa. Saura sati biyu kafin lokacin gwajin ya buɗe.

Ƙanwata mai sikila, don Allah awon kan nan, a sashen yara ake tambaya ko sai an rubuto mana takarda daga asibitin da muke zuwa?

Mai Sikila Ce Ni:
Ki fara da asibitin sikila na yara inda yake da kati, ki ce musu TCD kike so a yi masa, za su gane. Ki tafi da duk takardun ƙarin jinin da aka yi masa. Ki tambaye su maganar haidiroksiyuriya ma a zama ɗaya.

Maman Biyu:
To, na rubuta a bayan katinsa. Da safe zan kai shi in sha Allah.